Takardun da Baba Ya Ɗinke

Babanmu, Malam Labaran tela, bai taɓa yarda da fil ba, wai tsatsa yake yi ya cinye takarda. Duk takardun da suka shafi abu ɗaya sai ya haɗa su ya bi gefensu da keken ɗinki. Na gidanmu na unguwar Rikkos a nan Jos layi biyu ya yi musu, na shago layi ɗaya, sauran kuma kowanne da irin ƙullinsa. Da idonsa ya mutu a 2005, wannan ɗinki ya zama idonsa. Ka ce ya ba ka takardar haihuwar wane, sai ya zura hannu cikin adaka ya laluba, ya miƙo maka ita.

Ni kuwa, Ummusalma, babbar 'yarsa, abin haushi yake ba ni. Ina aikin buga takardu a wani ofis a Rayfield, kullum ina ganin yadda ake adana komai a kwamfuta, in dawo gida in tarar da tarihinmu kaf a cikin adaka mai warin kafur. Tun da gobarar babbar kasuwa ta lashe takardun mutane nake yi masa magiya mu sayi sikana mu ɗauki hoton namu. Amsarsa ɗaya ce, a bar masa kayansa yadda suke.

Sai ga rigimar rijiya. Maƙwabcinmu Alhaji Datti zai ja katanga, ya ce faɗin filinmu ƙafa arba'in ne, don haka lungun da rijiyarmu take nasa ne. Baba ya ce ƙafa arba'in da biyar ne, kuma mahaifinsa ne ya haƙa rijiyar tun zamanin kuza. Mai unguwa ya sa ranar Asabar kowa ya zo da takardarsa. Ranar Talata Baba ya tafi ta'aziyya Bauci, zai kwana uku. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama, kafin ya dawo na gama komai, in je gaban mai unguwa da takardu tas-tas a bugge.

A shagon wani Jelili na ga sikana iri biyu. Ɗaya mai murfi ce, a kifa takarda a kan gilashi, ɗaya bayan ɗaya. Ɗayar kuwa zuba mata ake yi, ta riƙa zuƙa da kanta. Na yi kusan awa ina jujjuya su, shi kuma bakinsa bai huta ba.

"Hajiya, wannan shi ne oga," in ji shi, yana dafa mai zuƙar. "Ka zuba takarda hamsin, ka je ka sha shayi, kafin ka dawo ya gama."

Ya ƙara min da faifan wata manhaja da ya ce tana karanta rubutu ta jera kowace takarda a inda ya dace. Na gaya masa namu a ɗinke suke. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in farke zaren, in kuma datse gefen da allura ta huhhuda, in ba haka ba injin zai riƙa shaƙewa. Da a ce na ɗauki mai murfi, ko zare ɗaya ba sai na taɓa ba. Amma ni ce mai boko, ni ce mai sauri, sai na sayi mai zuƙar.

Kwana biyu na yi da reza da almakashi. Injin nan kuwa ya gwada min hali. In takardu suka bambanta girma sai ya cije, ya yi ƙara, ya tsaya. Dole na ware su, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, ba ruwana da wacce ta fito daga ina. Manhajar da aka cika ni da labarinta ta karanta na Turanci da ƙyar, ta mayar da Labaran wani suna da ban taɓa ji ba. Na ajami da na rubutun hannu kuwa ko kallo ba su ishe ta ba, ta tara su wuri ɗaya da lambobi. Na zage ta, na zagi Jelili, kaina ne kawai ban zaga ba tukuna.

Ranar Juma'a da hantsi na zo haɗa takardun gida, sai na ga ɓarnar da na yi. Shafin farko yana nan, da sunan kakanmu da na wanda ya sayar masa. Amma awon fili da dangwalen shaidu a shafi na biyu suke, kuma irin wannan shafin guda uku ne a gabana, duk rubutun malami ɗaya, babu mai sunan unguwa a kai. Ɗaya namu ne, ɗaya na filin Jos Jarawa da aka sayar tuntuni, ɗaya na gidan marigayi Kawu Uzairu. Biyu sun ce arba'in, ɗaya ya ce arba'in da biyar. Zaren ne kaɗai ya san wanne ke bin wanne, kuma na share shi tare da gefen takardun na zuba a shara. Garin neman ƙiba na samo rama.

Baba ya dawo bayan la'asar, ya ce a kawo masa adaka. Na tsaya ina kallon yatsunsa suna bin gefen takarda, suna komawa, suna sake bi. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, ko na ajiye abin da na datse. Na ce a'a.

Ranar Asabar na shimfiɗa shafukan uku a gaban mai unguwa, da hotunansu da na bugo, waɗanda ba wanda ya ko ɗaga. Alhaji Datti ya ce kowa ma zai iya zaɓo shafin da ya yi masa daɗi ya ce nasa ne, kuma raina ya ɓaci don na san gaskiya ya faɗa. Shaidun duk sun rasu. Mai unguwa ya san ɗinkin Baba shekara da shekaru, ya ɗaga shafi ɗaya ya duba gefensa.

"Malam Labaran, wa ya raba waɗannan takardu?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, ni na sa a raba."

Aka bi takardar Alhaji Datti, tunda ita ce cikakkiya. Rijiya ta faɗa ɓangarensa.

A hanyar gida Baba na dafe da kafaɗata, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ummu, in mun isa ki ciro guganmu da igiya, kafin magina su zo."