Sumbar Ranar Juma'a

A makon shan wuyar Almasihu ba a sumba, ba a musafaha, saboda da sumba almajirinsa Yahuza ya bashe shi. Kaf garin Gondar babu mai tsare wannan al'ada kamar tsohuwa Tiruwork. Bara har jikarta ta kai wa rankwashi a kan karya wannan doka.

Shi ya sa ranar Juma'ar gicciye maƙwabciyarta Zewditu ta kasa mai da hankali ga sujada. A bakin harabar coci ta hango Endale, autan tsohuwar, wanda ya daɗe a ƙetare har an fid da rai. Ta ce a ranta, yau za a ga ƙarshen tsaurin tsohuwa.

Tiruwork ta gan shi. Ta maida hannuwa baya. Sai ta juya ta nufi limamin cocin, wanda ke taɓa bayan masu tuba da reshen zaitun yana yanka musu yawan sujada.

"Abba, buga mini."

"Mama, ai ɗazu na sallame ki. Me kuma kika yi?"

"Yanzu zan yi. Yanka ko nawa ne, gwiwata ce ba taka ba."

Ta koma ta riƙe kan ɗanta, ta sumbace shi dama da hagu. Tana ɗagowa ta kama Zewditu baki buɗe.

"Rufe bakin, 'yar sa ido! Yahuza rabuwa ya yi da nasa. Ni nawa dawowa ya yi."