Tsaron Mararraba

Ƙungiyarsu ta masu yawon keke tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Duk inda hanya ta rabu, Kyaftin zai nuna mutum da yatsa, shi kuma ya sauka ya tsaya a mararrabar, ba zai gusa ba sai na ƙarshe ya iso ya ga inda aka bi. Da hantsin ranar nan, a tsakiyar gonakin ayaba, yatsan ya faɗa kan Ɗan Gayu.

Sunan kuwa ya bi shi. Hularsa da safar hannunsa da gorar ruwansa duk launi ɗaya ne, kekensa kuma ko yaron goye zai iya ɗaga shi. Na ƙarshen da zai jira ba kowa ba ne illa surukinsa, mahaifin matarsa, wanda kowa ke kira Baba. Baba ya ba saba'in baya, kekensa na ƙarfe ne mai mazaunin kaya a baya, ya ɗaure masa jaka hagu da dama har da butar shayi a sama. Ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa.

Da ƙyar aka bar Baba ya zo wannan tafiya. A watan jiya ya manta tukunya a kan wuta har ta ƙone, wata rana kuma ya kira jikarsa da sunan uwarta. Daga nan 'yar tasa ta tayar da hankalinta. Ta ce wa mijinta a bakin ƙofa, "Ka sa masa ido. In aka sake samun wata mantuwa, keken nan ɗakin ajiya zai shiga, shi kuma mu kai shi asibiti." Ɗan Gayu ya bugi ƙirji ya ce ta bar masa komai.

Mararrabar babu ko inuwar kara. Hanyar hagu, wadda ayari ya bi, ta haura tudu. Wadda ta miƙe kuwa ta gangara kwari, shimfiɗaɗɗiya mai daɗin bi, irin wadda keke ke zaɓa da kansa. Rana ta buɗe, ƙasa na fitar da tururin ruwan daren jiya, gumi ya cika wa Ɗan Gayu ido. Can gaba kaɗan a hanyar hagu ya hango rumfa, wata mata tana sayar da ɗanyar kwakwa. Ya ce a ransa ai daga can ma ana ganin mararrabar.

Ana ganin ta ɗin, in mutum ya juyo. Shi kuwa ya zauna a benci ya ba ta baya, ya sha kwakwa, ya sa aka fasa masa ya kankare cikin. Ya jingine keken a jikin ayaba ya ɗauke shi hoto ta nan, ya ɗauka ta can. Sai da inuwar rumfar ta janye daga ƙafarsa sannan ya tuna abin da ya ajiye shi.

"Baiwar Allah, ba ki ga wani dattijo a kan keke ba?"

"Mai buta? Ai ya daɗe da gangarawa. Na zaci ba tare kuke ba."

Ya zabura ya koma mararrabar. Ya kira wayar Baba, ba ta shiga. Ya kira Kyaftin, ya ce Baba ya bi hanyar kwari.

"Kana mararrabar kuwa?" in ji Kyaftin.

"Ina nan," ya ce. A lokacin kam yana nan ɗin, don ya riga ya komo.

Kyaftin ya bar sauran a gindin wata bishiya ya dawo, suka gangara tare. Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa, ta wuce wani ƙauye inda aka baza 'ya'yan itacen koko a kan tabarmi suna bushewa, kwalta ta ƙare, jar laka ta karɓa. Ko'ina suka tambaya, sai a nuna gaba. Ɗan Gayu bai ga shinkafar ba, bai ga komai ba, sawun taya kawai yake bi da ido.

A bakin kogi hanyar ta mutu. Nan suka tarar da Baba zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, hularsa a gwiwa, yana kallon ruwa.

"Haba Baba, kun tayar mana da hankali," in ji Kyaftin. "Ba ku ga surukin naku a mararraba ba?"

Baba ya ɗago a hankali ya dubi Ɗan Gayu. Babu zargi a idonsa, tambaya ce kawai.

"Kana wurin?"

Ga Kyaftin tsaye, ga masu kwalekwale sun zuba ido. Ɗan Gayu ya sunkuya yana gyara ɗaurin takalmin da bai kwance ba.

"Ina wurin, Baba."

"Ka yi mini magana?"

"Na… na ɗaga hannu."

Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. "Ikon Allah," ya ce. "Da wannan jar rigar taka, kuma ban gan ka ba." Ya sa hularsa ya miƙe.

Abin da suka gangara cikin daɗi, yanzu sai da suka biya shi da cinya. Hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ɗauke, rana ta dawo da fushinta. Laka ta cushe tsakanin taya da birki, sai an tsaya an ƙwaƙule da kara. Ɗan Gayu ya roƙi Baba ya ba shi jakunkunan, Baba ya ƙi. Ya ce to su yi musayar keke, nan ma ya ƙi. Sai ya koma bayansa yana bin sa taku-taku, yana kallon ƙashin bayan tsohon ta cikin jiƙaƙƙiyar riga. Baba mai zolaya ne, ba ya wuce akuya bai gaishe ta ba, amma yau shiru. Leɓunansa kawai ke motsi, Ɗan Gayu ya ɗauka addu'a yake yi.

Sau da yawa ya matso gefen Baba ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Baba, ku sha ruwa."

Da suka iso mararrabar, mai kwakwa ta ɗago masa hannu da fara'ar tsohon ciniki. Ya kau da kai kamar bai taɓa ganin ta ba.

La'asar sakaliya suka isa masaukinsu, wata makarantar ƙauye da aka ba su barandarta. Sauran sun riga sun shanya kaya a kan waya, wani ɗan ƙungiyar da ake kira Tela yana facin taya, ana dafa shayi. Aka taso ana yi wa Baba sannu, irin sannun da ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo. Wani ya karɓi kekensa, wani ya shimfiɗa masa tabarma. Ɗan Gayu ya ji Tela yana ce wa Kyaftin ƙasa-ƙasa, "Gobe a sa shi a mota kawai. Shekaru ne, ba a faɗa da su."

Ana cikin haka wayar Ɗan Gayu ta yi ƙara. Matarsa ce. Baba ya miƙo hannu.

"Ba ni ita. Gara ta ji daga bakina. Ta yi gaskiya, ni ne na ƙi ji. Mutumin da zai wuce mijin 'yarsa a kan hanya bai gane shi ba, ai ba shi da abin yi a kan keke."

Ɗan Gayu bai ba shi wayar ba. Ya durƙusa a gefen tabarmar, a gaban kowa.

"Baba, ba na wurin."

Tela ya ajiye famfon da yake ba taya iska da shi.

"Ba ku wuce ni ba. Na bar mararrabar na je shan kwakwa, na ba hanya baya. Babu wanda ya ɗaga muku hannu. Ƙarya na yi muku, na yi wa Kyaftin."

"Kwakwa?" in ji Tela. Babu wanda ya yi dariya.

Baba ya dube shi. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki wani dogon numfashi, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Wayar ta gaji ta yi shiru, ta sake farawa.

"Wato babu kowa a wurin," ya ce.

"Babu kowa, Baba. Ku yafe mini."

"Barin mararraba ba komai ba ne, zafi ya kori wanda ya fi ka." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. "Amma da ka faɗa mini tun a bakin kogi. Ka san abin da nake yi duk tsawon hawan nan? Sunayen jikokina nake bi ɗaya bayan ɗaya, in na kai ƙarshe in sake, don in ga ko akwai wanda ya ɓace mini. Da na zo kan ƙaramar taka na ɗan yi jim, sai da ƙafata ta kasa taka feda."

Ya ɗauki kofin shayinsa, ya nuna wayar da haɓa.

"Ɗauka. Kai za ka yi mata bayani."