Jitar da Afra'u ta sayo a Bromakoté

Afra'u mai gyaran wayoyi da rediyo ce a Belleville, cikin Treichville. A nan aka haife ta, kuma tun rasuwar mahaifinta ita da mahaifiyarta Tabawa suke zaune a ɗakuna biyu na wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Shekara uku tana koyon kaɗa jita da ta aro. Da yake bahaguwa ce, kullum sai ta kifa jitar ta kaɗa ta a baibai. Don haka ta ƙudura sayen tata mai lantarki, mai araha, wadda za ta feɗe ta sake mata wayoyi da fenti, ta juya tsirkiyoyin zuwa hagu, ko ta lalace ba za ta yi kuka ba.

Wata Asabar da safe ta shiga gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé, wajen Kawu Ɗanlami, ƙanen mahaifiyarta, wanda yake shigo da tayoyi yana sayarwa kusa da Mairie, ofishin magajin gari. Shi ya raka ta Bromakoté, shagon wani Abdurrashid mai sayar da tsofaffin kayan Turai da ake saukewa daga kwantena.

Jita biyar ne a jingine bayan wasu injinan wanki. Abdurrashid ya ɗauko mata wata ja mai ƙyalli.

"Wannan ba ta yi mini ba, Malam," in ji Afra'u. "An manne wuyanta da gam. Mai kusoshi huɗu nake so, wadda zan iya kwance wuyan in mayar."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kanne ido tana duba miƙewar wuya. Ta ƙarshe baƙa ce, fentin ya ɓare a gefe, tana cikin wata tsohuwar jaka. Wuyanta a miƙe yake sak, kuma tana da faffaɗan farantin roba a gaba, alamar akwai fili a ƙarƙashi na ƙara wayoyi. Ta fi sauran nauyi, amma Afra'u ta ɗauka ingancin katako ne.

"Jiya ta iso, ban ma duba takardar kayan ba," in ji Abdurrashid. Kawu ya taya, aka daidaita a sefa dubu talatin. Ta bar masa lambarta da kwatancen gidansu don ya neme ta in ya samu ƙaramin amfili, akwatin ƙara sautin jita.

Bayan azahar ta shimfiɗa tsohon zane a tsakar ɗaki ta kwantar da jitar. Ta warware tsirkiyoyi shida ta ajiye gefe. Kusoshin farantin sun yi tsatsa, amma suka fito ba gardama, kamar ba a daɗe da ɗaure su ba. Da ta ɗaga farantin sai ta ga an rarake katakon fiye da yadda masana'anta take yi, an cusa wasu ƙunshi huɗu, kowanne an naɗe shi da baƙin salatif. Ta sa bakin sukundireba ta taɓa ɗaya. Ya huje, wani farin gari ya zubo a kan zanen.

Ta daɗe tana kallon garin. A tsakar gida Inna Tabawa tana tsince shinkafa, tana hira da maƙwabciya.

Wayarta ta yi ƙara. Abdurrashid ne, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Afra'u, jitar nan an yi kuskure, ta wani ce. Kin taɓa ta?"

"Tana cikin jakarta," ta ce.

"To, bar ta yadda take. Ga mu nan zuwa, ni da mai ita. Ya sa na kwatanta masa gidanku, ki yi haƙuri. Muna kan gada."

Daga gadar shiga Treichville zuwa Belleville, in babu cunkoso, minti goma sha biyar ne. Ta yi tunanin kiran Kawu, ta ga yana can Adjamé. Ta yi tunanin ta ja Inna su fita, sai ta tuna mutumin ya riga ya san gidan, kuma gobe ma nan za su dawo. Ta tura ƙofa ta sa sakata.

Salatif irin wannan ba ya yanke mata a wajen aiki. Ta liƙe hujin, ta goge ƙunshin da gefen zane, ta mayar da shi yadda ta tuna yake kwance. Waya ɗaya ta tsinke lokacin da ta ɗaga farantin. Ta jona ƙarfen darma, ta tsuguna tana jiran ya yi zafi, tana jin kowane babur da ya wuce a layin. Sai da ta liƙa sau uku kafin darmar ta kama. Kusa ɗaya ta gangara ƙarƙashin gado, ta shiga da rarrafe ta lalubo ta. Ta mayar da tsirkiyoyi, ta ɗaure su, ta zuge jaka. Zanen kuma ta nannaɗe shi ta cusa a ƙasan kwandon wanki, ta kunna turaren wuta don ya danne warin darma.

Tana wanke hannu ta ji sallama.

Abdurrashid ne a gaba, leɓensa na ƙasa a kumbure. A bayansa wani mutum ne matsakaici, da farar riga mai guga da takalmi mai tsabta, irin wanda za ka ɗauka ma'aikacin banki ne. Ya gaishe da Inna da ladabi. Inna ta kawo musu kujeru da ruwan sanyi, ta koma kan shinkafarta, taku biyar daga inda suke.

Afra'u ta fito da jakar. Mutumin ya ɗora ta a cinya, ya zuge, ya fito da jitar. A lokacin ne ta gani. Tsirkiya mai kauri, wadda ya kamata ta kasance a sama, tana ƙasa. Cikin sauri hannunta ya jera su irin na bahago.

Ta ɗago ido, suka haɗu da na Abdurrashid. Shi ma ya gani. Shekara goma yana sayar da jita. Ya sunkuyar da kai yana kallon kofin ruwan da ke hannunsa.

Mutumin ya auna nauyin jitar a tafin hannu. Ya bi kusoshin farantin da farce, ɗaya bayan ɗaya. Ya ja tsirkiya guda, ta yi wani sauti maras daɗi.

"Kin buɗe ta?" ya tambaya da Faransanci.

"A'a. Na ɗan gwada kaɗawa ne kawai."

"An ce ke mai gyara ce."

"Wayoyi nake gyarawa."

Ya juya wajen Abdurrashid. "Haka take da ka sayar?"

Abdurrashid ya karɓi jitar, ya juya ta gaba da baya.

"Haka take," ya ce.

Mutumin ya mayar da ita jaka, ya miƙe. Ya dubi ƙofar ɗakinsu, ya dubi Inna, ya ce gidan yana da kyau, shiru, ba hayaniya. Abdurrashid ya ajiye mata kuɗinta a kan kujera, suka fita.

Afra'u ta zauna a dakali ta dafe kai. Inna ta tambaye ta ko lafiya, ta ce jiri ne. Can ta tuna da garin da ya zube. Ba ta san ko suna aunawa ba, ba ta kuma san me za su yi in sun ga salatif ɗin da ba nasu ba.

Kafin magariba ta kira Kawu Ɗanlami ta faɗa masa komai.

"Ki haɗa kayanku, ke da Yaya," ya ce. "Ga ni nan da mota."

Sati uku suka yi a gidansa. Shi ne ya kai zanen wajen wani jami'in tsaro da suke salla a masallaci ɗaya, ya roƙe shi kada sunan 'yarsa ya fito. Ranar Litinin aka ga shagon Abdurrashid a rufe. Wasu suka ce ya koma gida Najeriya, wasu suka ce an kama shi, Afra'u dai ba ta sake jin muryarsa ba, ko da ta kira lambar a kashe take.

Mai farar rigar bai dawo ba. Duk da haka sai da suka tashi daga gidan, suka kama wasu ɗakuna can ƙarshen Belleville, ta kuma canza lamba. Ta yi wata biyar ba ta taɓa jita ba. Daga baya wani malamin kiɗa a Treichville ya sayar mata da tasa tsohuwa mai karyayyen maɓalli. Ta goge fentin da samfefa ta shafa kore, ta sake wayoyin duka. Da ita take kaɗawa yanzu a bukukuwan unguwa, ran Asabar da Lahadi.