Itacen Ƙirya a Gindin Dutse

"Ni kam ba zan sa kafaɗata a makararsa ba," in ji Lawan mahauci. "Gawar wa ya taɓa rakawa?"

Muna zaune a ƙofar gidan Ɗan Azumi a cikin Birnin Damagaram, hantsi ya ɗaga, ana yi masa wanka a ciki. Ba mu kai goma ba, a unguwar da ko jariri ne ya rasu sai lungu ya cika. Liman ya ce, "Lawan, ba a rigima da gawa. Ka zo ko don Allah." Lawan ya yi tsaki, amma bai tashi ba.

Ni ne Tanimu baduku, katanga ɗaya ta raba ni da mamacin. Raina ya ɓaci, sai dai ba ƙarya Lawan ya yi ba. Shekara takwas ke nan tun da Ɗan Azumi ya dawo daga yaƙin Nasara da Jamus, bai taka maƙabarta ba. Zai yi sallar gawa tare da mu, da an ɗauki makara sai ya sulale. Ran da uban Lawan ya rasu ma haka ya yi.

Kafin kumandan Nasara ya sa a ɗebe su soja, Ɗan Azumi mahaƙin rijiya ne, har daga garuruwan Dogo da Gaffati ake zuwa nemansa. Ya dawo da tari, da jar hula, da wani hali da ba mu san shi da shi ba. Ba ya leƙa rijiya, ba ya kwana a ɗaki, ko ana ruwa yana ƙarƙashin rumfa. Mutanenmu kuwa ba sa rasa fassara. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ya ci abincin Nasara ya raina addini. Matarsa Kellu ta yi ta karɓo rubutu da turare, yana sha yana hayaƙi don kada ya ɓata mata, abin yana nan inda yake.

Ni ma da bakina a cikin masu zagin, har wata damina da katangarmu ta zube da rana tsaka. Na tsallaka na same shi durƙushe, ya rufe kai da hannu biyu, yana kiran wani Habu. Ban san abin yi ba, sai na zauna kusa da shi. Na ce, "Ɗan Azumi, nan Damagaram ne. Ga Kellu tana tankaɗe. Ga akuyarka tana cin igiyata." Na yi ta lissafa masa abin da ke tsakar gidan har numfashinsa ya dawo daidai.

Tun daga nan nake kai fatuna rumfarsa in yi ɗinki. Ba na tambaya, goro kawai nake ɓara mana. Sai da aka yi wata uku ya faɗa da kansa. A ramin yaƙi suke da Habun, igwa ta rufto musu da ƙasa. Yini da kwana yana binne, hannun Habu mutumin Gouna a wuyansa, tun da ɗumi har ya yi sanyi.

"Warin ɗanyar ƙasa, Tanimu," ya ce. "Da na ji shi, sai in koma can. Mahaƙin rijiya yana tsoron rami! In ka faɗa wa wani, ban yafe ba, sai bayan raina."

Tarin ne ya ci shi a ƙarshe. Kwana biyu kafin ya cika, ya kama hannuna ya ce, "Kada ku yi mini gaggawa. Ka sa kunnenka a ƙirjina tukuna. Ka duba itacen rufe kabarin da kanka, kada ƙasa ta taɓa fuskata. In an rufe, ka ɗan zauna." Na ce to. Da ya cika na sa kunnen, na daɗe, har Kellu ta ce, "Malam Tanimu, ya tafi fa."

Muka ɗauke shi mu shida, sauran suna biye, Lawan a can baya hannu a aljihu. A bakin maƙabarta akwai wani dutse, a gindinsa kullum muke tarar da itacen rufe kabari, an sare shi tsawo ɗaya an jera, da tulun ruwan kwaɓa ƙasa. Mun saba har ba ma tunaninsa. Ranar muka tarar da gindin dutsen fayau.

Sha'ibu mai haƙa kabari ya fito daga ramin yana kakkaɓe hannu. "Ina itacen?"

Liman ya ce, "Ba mai unguwa ke aikowa ba?"

Mai unguwa ya ce, "Ni? Ai na ɗauka sadakar masallaci ce."

Aka yi cirko-cirko. Ni kuwa sai na nuna makarar. Na ce, "Mai kawowa ga shi nan kwance. Shekara takwas yana zuwa dajin Gaffati da jakinsa yana saro ƙirya, don ita gara ba ta ci, ba ta karyewa ƙasa ta faɗa wa mutum. Da an yi rasuwa, kuna zaman jiran wanka, shi ya kawo ya koma. Nan ne iyakar inda ƙafarsa ke iya kawo shi." Na faɗa musu labarin ramin da na Habu, tunda bayan ransa ne.

Lawan ya ce, "Har na babana?"

"Goma sha biyu ya kawo. Ya ce tsohon dogo ne."

Lawan ya matsa wajen dutsen. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan dutsen, ya karɓi gatarin Sha'ibu ya nufi daji. Liman, wanda ba ya son a jinkirta gawa, ya ce a kai makarar inuwa a jira. Kafin Lawan ya dawo labari ya shiga gari, mutane suka yi ta zuwa, wasu da itace a ka. Lawan ya iso da azahar ɗauke da itacen ƙirya, tafinsa duk ya fashe. Na bi itacen ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa a gwiwata, sannan muka jera shi ba ko kafar yatsa, muka liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Da aka shafa fatiha kowa ya watse, ni na zauna wajen kansa. Na ce, "Ɗan Azumi, nan Damagaram ne. Ga dutsenka can. Ga shanun Fulani suna wucewa." Sai na ji motsi a bayana. Lawan ne, ya zauna a ƙasa, rigarsa har yanzu tana kan dutsen. Na ɓara goro na miƙa masa rabi, muka zauna har inuwar dutsen ta iso kan kabarin.