Ranar da Kotu Ta Zauna Ƙarƙashin Jirgi

Wata huɗu aka kwashe ana shari'ar, amma mai shari'a ba ta taɓa ganin jirgin da ake rigima a kansa ba.

Jirgin fito ne babba, mai ɗaukar mutane da motoci. Sati uku bayan an gyara shi, sandar ƙarfen da ke juya farfelarsa ta karye yana dab da gaɓa, ya je ya daki ginshiƙin tasha. Mutum goma sha ɗaya suka ji rauni, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Kamfanin jirgin ya ce ɗan kwangilar gyara ne ya yi aikin ha'inci. Ɗan kwangila ya ce matuƙi ne ya hau dutse, shi kuma ake neman shafa masa kashin kaji.

Ranar da lauyoyin biyu suka shafe awa guda suna musu kan kalma ɗaya, mai shari'a ta cire tabarau ta ajiye.

"Gani ya kori ji," ta ce. "Jibi kotu za ta zauna a wurin gyaran."

Da hantsi suka isa. An janyo jirgin tudu, an ɗora shi kan manyan gumaguman katako. Mai shari'a tana shan kwana ta tsaya cak. Ashe abin da ake gani a kan ruwa rabinsa ne kawai. Cikinsa ya yi mata rumfa kamar bene mai hawa uku, ja wur da tsatsa, kowane fiffiken farfela ya fi ta tsawo. Lauyoyin nan masu baki kamar reza, nan take suka koma magana ƙasa-ƙasa.

Karyayyiyar sandar na kwance a gefe, kaurinta ya kai cinyar ƙato. Wani tsoho sanye da rigar aiki duk hujin wuta ya durƙusa yana shafa bakin karayar. Shi ne babban mai walda a wurin, ana ce masa Tartsatsi, kuma kawun ɗan kwangilar ne, shi ya koya masa riƙe guduma.

"Baba, me kake dubawa?" in ji mai shari'a.

"Ranki ya daɗe, karatu nake. Ni ban iya na takarda ba."

Ta sa aka rantsar da shi a nan tsaye. Ɗan kwangila ya matso da sauri. "Kawu, ka bari lauya ya..."

"Yi mini shiru. Da kai ake magana?"

Tsohon ya nuna mata fuskar ƙarfen. Kusan dukkanta baƙa ce, sumul, da zobe-zobe kamar cikin itacen da aka yanke. "Wannan tsohuwar tsaga ce, ta fi shekara tana ci a hankali. Kowane zobe, ranar da ta ƙara gaba ce." Sai ya ɗora yatsu biyu a gefe, inda ƙarfen ke ƙyalli. Yatsun suka rufe wurin ruf. "Nan ne ya karye ranar haɗarin. Iyakar abin da ke riƙe da jirgin ke nan."

Mai shari'a ta dubi yatsun, ta ɗaga kai ta dubi jirgin. Ta daɗe ba ta sauke kai ba.

"Sawu nawa kuke yi a rana?" ta tambayi matuƙin, wani dogo da ke raɓe a baya.

"Shida, ranki ya daɗe. Mutum kamar ɗari biyu kowane sawu." Ya dubi karyayyiyar sandar. "'Yata ma da shi take zuwa makaranta." Ya nemi wuri a ƙasa ya zauna, ya dafe kai yana salati.

"To Baba, ba ku gani ba lokacin gyara?" in ji mai shari'a.

"Ba mu zare ta ba. Na ce a zare, aikin kwana biyar ne. Manajan jirgi ya ce kwana biyu ya ba mu. Ɗan ƙanwata ya ce to. Ni kuma na ja bakina na yi shiru. Mu ukun nan, ba mai kyan gani."

Magatakarda ya rubuta, takarda a kan gwiwa. Aka ce ko lauyoyi na da tambaya, duka biyun suka girgiza kai.

Bayan sati biyu ta yanke hukunci. Ta wanke matuƙi, ta raba alhaki tsakanin kamfani da ɗan kwangila, ta ba da umarni a zare sandunan sauran jiragen kamfanin a duba. A guda biyu aka samu irin tsagar.

Guntun sandar kuwa, da aka kawo shi kotu a matsayin shaida, ƙarti shida suka kasa haurawa da shi matakala. Aka bar shi a harabar, kusa da famfo, masu jiran shari'a suna zama a kai.