Sukurun Surukin Dogo

Wata takwas ke nan Dogo yana bin bayan surukinsa yana kwance aikinsa yana gyarawa a ɓoye. Tsohon kafinta ne, shi ya koya masa riƙe zarto, ya kuma ba shi 'ya. Yanzu ido ya fara yaudararsa, amma wa zai faɗa masa? Ba dai suruki ba, wanda ko abinci ba ya iya ci a gabansa.

Ran nan aikinsu kafa katakon dafa hannu ne a matattakalar wani bene. Bangon siminti ne, sai an huda, a cusa roba, a ɗaura sukuru fari dogo mai kauri. Tsohon ya laluba gwangwani ya ɗebo baƙaƙen nan gajeru na silin, waɗanda babban mutum na jingina za su karye, ya ɗaura su yana 'yar waƙarsa. Dogo na riƙe masa katako, idonsa na kan matar gidan da tsohon ciki tana hawa tana hutawa.

Ya sha kai kuka wurin matarsa. Ita kuwa kullum amsarta ɗaya, wai Baba ya yi shekara arba'in yana aiki ba a taɓa dawo masa da shi ba, in ya kunyata shi kada ya sake duban idonta. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi magana ya ci mutuncin mai mutunci, ya yi shiru wani ya faɗo.

Da tsohon ya fita cin abinci, Dogo ya hau aikinsa na ɓarawo. Ya kwance goma sha biyu, ya ƙara zurfin hudar, ya ɗaura na kirki, gumi har cikin ido. Saura ɗaya ya ji tari a bayansa, ashe tsohon ya manta hularsa ne.

Tsohon ya dubi bangon. Ya matso, ya bi kan sukurun da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya karɓi baƙin sukurun da ke hannun Dogo ya murza shi. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Tun yaushe?" in ji tsohon.

"Baba, ai ba wani abu ba ne..."

"Tun yaushe na ce."

Dogo ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Ya zaci faɗa zai biyo baya, sai ya ga tsohon ya zauna a kan matattakala.

"Makon da ka kwanta zazzaɓi," in ji shi a hankali, "ni kaɗai na kafa katakon benen makarantar yaran nan. Hawa uku ne. Ɗauko jakar kayan aiki mu je."