Taliyar Ranar Ƙaura

"Maimaita in ji," in ji Maiwada daga kan katifa.

Salmanu, maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa, ya juya makullin mota a hannunsa ya maimaita. "In ce mata Baba zai ƙaura, ta zo yau."

"Shi ke nan. Kar ka ƙara komai."

"Baba, ka san ni da ƙarya ba ma shiri."

"Ina ƙaryar take? Ba a gabanka likita ya sallame ni ba? Ba ƙaurar zan yi ba?" Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. Matarsa Fatsuma ta miƙo ruwa, ya kurɓa. "Tun da aka dawo da ni, duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya jiƙa mini tabarma. Na gaji da ganin hanci ja. Ina so in ga Sajan da yaran kicin, in ci taliyata, kuma ban da kuka. Ka iya ko in nemi wani?"

Salmanu direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya da ke birnin Riyad, mutum ne da ko agogonsa ya yi latti sai ya ji kamar shi ya yi wa jama'a ƙarya. Ya sauko daga benensu na unguwar Shumaisi yana lissafin yadda zai kawo matar ba tare da ya sa ta kuka ba, ba kuma tare da ya faɗi abin da ba shi ba.

Sajan ba soja ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar Koriya, Madam Han, mai gidan abinci a wani lungu bayan dogayen benayen Ulaya. Mutanenta suna kiranta da wata kalma tasu ta mai gida, kunnen Maiwada ya ji "Sajan", sunan ya bi ta. Shi kuwa Maiwada ya zo Riyad yana saurayi, lebura a kamfanin gini na Koriyawa, ya faɗa wankin tukwane, daga nan ya zama mai jan taliya da hannu a wurinta. Abincin da aka fi sanin gidan da shi baƙar taliya ce, wadda miyarta ta yi baƙi wuluk kamar kwalta. An ce asalinta daga Sinawa take, Koriyawa suka mai da ita tasu. Kuma suna da wata al'ada: ranar da mutum ya ƙaura, tukwanensa na cikin kwali, to baƙar taliya ake kawo masa, a shimfiɗa jarida a ƙasa a ci. Duk lokacin da Maiwada ya canza gida sai Sajan ta zo da ita. Ta nan ta koyi kalmar ƙaura. Ma'ana ɗaya ta sani.

Salmanu ya same ta a kicin tana yankan albasa. Ta san Maiwada ba ya jin daɗi, amma a waya ce mata ya yi ciwon baya ne.

"Sajan, Baba zai ƙaura. Ya ce ki zo yau."

Ta ajiye wuƙa, fuskarta ta washe. "Ƙaura? Alhamdulillah," ta ce, da Hausarta mai haɗe da Larabci. "Wancan gida mush kwayyis, babu kyau. Bene kashe mutum. Ina sabo? Nasim?"

Salmanu ya ce, "Bai faɗa mini unguwar ba."

"Akwai bene?"

"Babu hawa. Ƙasa ne."

"Kwayyis. Babba?"

"Muna roƙon Allah ya sa mai faɗi ne."

"Wa ya samo?"

"Tun tuni aka ajiye masa."

"Shu'umi, bai gaya mini ba," ta ce, ta juya ta daka wa yaranta tsawa da yarensu.

Salmanu ya jingina da firji, rigarsa ta manne masa a baya. Ya bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya bai sami ƙarya ba, amma bai ji daɗi ba.

Kicin ya ɗauki hayaniya. Aka soya baƙin waken miyar da mai har ƙamshinsa ya fita titi, aka zuba albasa da naman sa da kabeji. Wani ɗan Nepal, wanda ya gaji aikin Maiwada, ya dinga buga ƙullu a kan tebur yana ja yana ninkawa. Sajan ta sa miya a tukunya dabam, taliya dabam, don kar ta kumbura a hanya. Ta ɗebo kwanuka da tsofaffin jaridun ƙasarsu daga saman kabad, ta rufe shago da rana tsaka, ta zura abaya a kan rigar girki. Duk tsawon hanya tana 'yar waƙa, ɗan Nepal ɗin na rungume da tukunya a baya.

Ta hau benen tana zaginsa mataki bayan mataki. Da ta kai ƙofa ta tsaya.

Babu kwali ko ɗaya. Labule na nan, agogon bango na nan, kwanukan Fatsuma na jere a inda suke. Ga Maiwada an jingine shi da matashi, hannayen nan da suka ja taliyar rabin Riyad sun koma kamar kara. Sajan ta dube shi. Ta dubi Fatsuma, wadda ta sunkuyar da kai. Ta juyo ta dubi Salmanu, shi kuwa ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ga haɓarta ta fara rawa, ya ce a ransa shi ke nan, aikin ya ɓaci.

Sai ta ja numfashi ta cire takalmi.

"Malalaci," ta ce. "Ranar ƙaura, kai kwance."

"To me zan yi, Sajan? Sun ce ba a zuwa da kaya."

"Kwayyis. Kayanka duka tsoho." Ta miƙa wa Salmanu jaridu. "Shimfiɗa."

Ya durƙusa yana shimfiɗawa da murna. Ƙamshi ya janyo maƙwabta, masu gadi da direbobi da wata nas 'yar Zariya da ke hawa na ƙasa, kowa ya sami gefen jarida ya zauna. Sajan da kanta ta cakuɗa ta Maiwada har kowane zare ya yi baƙi. Ya ɗago zare ɗaya da tsinken ci, ya kai shi wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ja wannan?"

Ɗan Nepal ya ɗaga hannu a tsorace.

"Nan kauri, nan siriri. Igiyar ɗaure akuya ka kawo mini?" Ya kai baki ya tauna a hankali. "Amma ta ciwu. Ka rage ruwa, ka daina jin tsoron ƙullu."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Fatsuma, wadda ba a ji muryarta sosai ba kwana biyu, ta ce ranar da Malam ya fara kawo mata abincin nan zubarwa ta yi, ta zaci ƙonewa ya yi, har ta tausaya wa Koriyawa da ba su da mai gaya musu. Wani mai gadi ya nemi yaji, Sajan ta harare shi, sannan ta zaro ƙullin yajin Fatsuma daga kan kantar ɗakin ta miƙa masa da kanta. Kowa leɓensa ya yi baƙi, kowa na nuna na wani. Maiwada bai ci abin kirki ba, amma idonsa ya bi kowane kwano har aka suɗe.

Da aka kira la'asar Sajan ta miƙe. Mai gida ne ke ce wa baƙo ya sauka lafiya, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna irin tasu, ta daɗe a sunkuye.

"Maiwada," ta ce, "sauka lafiya."

"Amin, Sajan. Ke kuma kar ki yi gaggawar kawo ziyara."

A mota ba ta yi waƙa ba. Sai da benayen Ulaya suka bayyana ta ce, "Salmanu, kalmar nan. Biyu ce?"

"Biyu ce."

Ta gyaɗa kai. "Ɓarawo," ta ce, ta yi dariya, ta goge ido da hannun abaya. "Shekara da shekaru, ɗaya kawai ya koya mini."

Maiwada ya cika washegari da hantsi, Fatsuma na riƙe da hannunsa, Salmanu na yi masa kalmar shahada yana amsawa. Aka yi masa salla bayan azahar.

Bayan kwana uku Fatsuma ta aiko Salmanu ya mai da kwanukan Sajan. Ta wanke su tas, ta jera, ta cika na saman da dabino ta ɗaure da ƙyalle. Ya sauko da su a hankali, ya zaunar da su a kujerar gaba. Ya tayar da mota, ya ji suna ƙara kaɗan, sai ya miƙa hannu ya ja musu bel ya ɗaura, sannan ya hau titi.